Amsa kan gwiwar da ke kumbura idan ciki ya tashi

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Malam lafiya. Kin ce duk sanda gudawa mai jini da majina ta dawo masa, sai gwiwa da idon sawu su kumbura, kina tambaya ko sanyin ƙashi ne daban. Ni a ganina abu ɗaya ne. Akwai ciwon kumburin hanji mai daɗewa, irin Crohn, wanda garkuwar jiki ke afka wa hanji, kuma ta kan taɓa gaɓoɓi. Manyan gaɓoɓi kan bi cikin: ya lafa, su lafa. Na ƙugu da gadon baya kuwa ba ruwansa da tashi ko lafawar cikin. Mutum ya tashi da asuba a sandare, ruku'u ma da ƙyar, sai ya ɗan motsa jiki ya warware.

Atini ma kan bar kumburin gaɓa bayan mako 1 zuwa 4, shi ya sa gwajin bayan gida ya zama dole.

Don Allah Malam ya daina sayen diclofenac da ibuprofen a kemis. Suna kwantar da gwiwa, amma suna iya tayar da hanjin. Jiƙon basir ɗin nan ma a dakata da shi. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ku gaya wa likita maganar ciki da ta gwiwa tare, wataƙila a duba hanjin da kyamara. Akwai magani irin sulfasalazine da ke yi wa duka biyun aiki, amma likita ne zai rubuta. In ido ya yi ja yana zafi, kada ku jira.