Wayarka ta isa, ka sake wurin tsayuwa

Ɗana, na kalli bidiyon da ka turo mini, na telan nan na Fagge da ka ɗauka yana koyar da ɗinkin aljihun da ake tsagawa a jikin riga. Ka ce minti 25 ne, mutane sun kalla amma suna ta cewa ba su gane ba, kana tambaya ko wayarka ce ta gaza, ko ka tara kuɗi ka sayi babbar kyamara. Riƙe kuɗinka. Wayar ta isa, inda ka tsaya da ita ne bai yi ba.

Ka tsaya a gabansa kamar yadda muke ɗaukar ango ranar walima. Fuska ta fito tas, hula ta zauna daidai, amma allura da yatsunsa suna can ƙasa, kan keke ya tare su. Wanda ya buɗe bidiyon nan kuwa hannu ya zo gani. Ka lura da yaron shago idan yana koyo, a bayan maigidansa yake tsayawa yana leƙe ta kan kafaɗa. To nan ne wurin kyamara. Idan ka ɗauka ta gaba, daman tela ya koma hagun mai kallo, sai ya yi ta juya komai a kansa kafin ya kwaikwaya, kafin ya gama juyawa an wuce shi. Kafa wayar a kan sanda ta bayan kafaɗarsa ta hagu, ta leƙa ƙasa, kada ka riƙe ta a hannu. Danna yatsa a kan hoton allurar ka riƙe har wayar ta kulle saitin hotonta a kan allurar, in ba haka ba duk sanda hannunsa ya gifta sai hoton ya dushe.

Babbar matsalar ma ba ta wayar ba ce, ta gwanintar telan ce. Gwani hannunsa ya riga bakinsa. Ya ɓata minti 6 yana gaisuwa da bayanin inda ya sayo shadda a Kantin Kwari, amma wurin da ɗan koyo yake ɓata riga, a sakan 3 ya wuce shi bai ce uffan ba. Ina nufin lokacin da ya tsaga bakin aljihun da almakashi, ya karkata tsinin zuwa kowace kusurwa. Idan almakashin bai kai kusurwa ba, aljihu zai tattare in an juya shi. Idan ya zarce ya ci ɗinki, an yi huji, yadin mutane ya tafi. Shi ya yi shekaru yana yi, ya manta cewa abin da wuya. Aikinka ne ka tuna masa. Kafin ka kunna waya, ku zauna ka tambaye shi a ina yaransa suka fi yin ɓarna. Abin da ya faɗa maka, shi ne cibiyar bidiyon. Ɗauki wurin nan kusa-kusa, ya maimaita, ka rage masa gudu wajen tacewa. Har ma ka roƙe shi ya ɓata ɗaya da gangan a kan ƙyalle, ya nuna yadda tattararren aljihu yake kama. Wasu gwanaye ba sa son wannan, suna ganin zubar da girma ne. Lallaba shi. Wanda ya ga kuskure da idonsa zai gane shi in ya fito a kekensa.

Wani kuskuren kuma, ka bar shi ya ɗinka farar shadda da farin zare. Ni kaina da na san abin da nake nema ban ga layin ɗinkin ba. Shadda tana da ƙyalli, tana mayar wa kyamara haske. A samo yadi mara sheƙi mai duhu, a sa zare mai haske, allin ma ya fita sosai. Rigar koyarwa ba ta sayarwa ba ce.

Batun tsawo: a raba shi. A 2014 wasu masu bincike a Amurka sun duba kallo miliyan 6.9 na darussan bidiyo a edX, wani shafin karatu na intanet, suka ga yawancin ɗalibai ba sa wuce kusan minti 6 a kan bidiyo ɗaya, komai tsawonsa. Namu masu kallon ga shi da kuɗinsu suke sayen data. Awo da zane bidiyo ɗaya, ɗinki da tsagawa ɗaya, juyawa da guga ɗaya. Fara da nuna aljihun da aka gama, mutum ya san inda za a kai shi. Sallama ɗaya ta wadatar, sai aiki.

Murya kuma, janareta da kekunan maƙwabta sun cinye rabinta. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da maganar da ba sa ji. Ko ka maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga, ko ka ɗauki hannun kawai, daga baya ku shiga ɗaki shiru ya yi bayani yana kallon hoton, ka haɗa a manhajar tace bidiyo ta CapCut. Cire kiɗan nan da ka sa. Ka hana shi cewa "sai ka yi nan haka". Ya faɗi sunan abu da awonsa, inci 5 ne ko inci 5 da rabi, kai kuma ka rubuta lambar a kan hoto. A faɗa da baki a kuma rubuta, don ba kowane ɗan koyo ne yake karatun boko ba.

Layukan da ka ga suna rawa a hoton, daga ƙwan shagon ne. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, wayoyi kuma yawanci suna zuwa a kan hoto 30 a sakan, shi ya sa ba sa jituwa. In wayarka ta yarda, mayar da ita 25. Wanda ya fi sauƙi, a kashe ƙwan, a jawo keken bakin ƙofa da hantsi, hasken ya zo ta gefe.

In ka gama, kada ka ɗora tukuna. Nemi yaron da ya fi kowa sabunta a shagon, ka ba shi wayar da ƙyalle da almakashi, ka zauna gefe ka kame bakinka. Duk inda ya tsayar ya koma baya, ko ya ɗago kai yana neman wanda zai tambaya, rubuta minti nawa ne. Wuraren nan za ka koma ka sake ɗauka. Idan ya fitar da aljihun, ko da ya ɗan karkace, kawo mini bidiyon tare da ƙyallen mu duba.