Tambaya da Amsa: An sallamo Yaya saboda korona, ya koma ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Yayana tsohon soja ne, ya yi aiki a Arewa maso Gabas kafin ya ajiye kaki. Tun dawowarsa ba ya iya barci sai ya sha tiramol. Farkon 2020 muka kai shi wata cibiya inda ake kwantar da masu shaye-shaye, bai yi rabin wa'adinsa ba aka saka dokar kulle, aka ce mu zo mu ɗauke shi. Bai jima a gida ba ya koma. Har yau muna fama. Dangi sun ce sake kai shi asarar kuɗi ce, taurin kai ne kawai. Ni kuwa gani nake ba a ba shi dama ba. Wa ke da gaskiya? Daga 'yar'uwarku a Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ke ce da gaskiya, ki kuma gaya wa dangi na ce haka.

Ki tuna yadda abin ya zo. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a nan Legas, karon farko a Najeriya, zuwa 30 ga Maris an rufe Legas da Abuja. To, magani a irin wannan cibiya ba allura ce kawai ba. Ƙarfinsa yana cikin zama tare: a tashi lokaci ɗaya, a ci abinci tare, a zauna da'ira kowa ya faɗi abin da ke cinsa. Ga tsohon soja wannan ya fi komai, domin abin da ya gani a daji ba zai faɗa wa matarsa ba, amma zai faɗa wa wanda ya taɓa kwana a rami irinsa. Korona kuwa cewa ta yi kada a taru. Aka nisanta gadaje, aka hana ziyara, aka rage karɓar sababbi, wasu aka sallame su magani bai kankama ba. Sai a mayar da mutum ɗaki ɗaya a Agege, ba fita, ba aiki, ga mafarkin fagen daga yana tashe shi cikin dare yana gumi, ga mai sayar da ƙwaya a lungu, shi kulle bai taɓa hana shi ciniki ba.

Ba mu kaɗai abin ya samu ba. A Amurka, inda tsofaffin sojoji ke da ma'aikatarsu da asibitocinsu, cibiyoyin kwanciya sun rage karɓar mutane, aka koma ganin likita ta waya da bidiyo. A Maris 2020 hukuma ta yarda a ba majinyacin da yanayinsa ya daidaita metadon (maganin da ake ba masu son daina shan ƙwayoyi dangin tiramol) na kwana 28 ya tafi gida da shi, maimakon zuwa layi kullum. Duk da haka, waɗanda ƙwaya ta kashe a ƙasar sun tashi daga kusan 70,000 a 2019 zuwa fiye da 90,000 a 2020. Idan masu wannan tanadi sun ji jiki haka, ina ga Yaya da aka miƙo muku da ledar kayansa?

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya daina jure yawan da ya saba. In ya koma ya haɗiyi adadin da yake sha a baya, numfashi na iya tsayawa, tiramol kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Saboda haka kwanakin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. Kuma kada kowa ya kulle shi a ɗaki ya ce ya daina lokaci ɗaya, balle a kai shi inda ake ɗaure mutane da mari. In yana haɗawa da giya ko ƙwayar barci, yankewa farat ɗaya na iya kisa.

Ku sake kai shi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen masu shaye-shaye, haka na Aro a Abekuta. Na san mutanenmu na jin kunyar sunan Yaba, amma kunya ba ta sa barci. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda Buba Marwa ke shugabanta tun 2021 (shi dai wanda Keke Marwa ta ci sunansa), tana da masu ba da shawara ban da aikin kame. Ku nemi reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion mafi kusa, ko don ya samu abokan hira.

Kafin ku biya ko kwabo, ki yi wa likita tambaya uku. Za a duba masa rashin barcin da firgitar, ko tiramol ɗin kawai za a cire? Domin in ba a taɓa tushen ba, zai nemi wani abin ya maye gurbinsa. Wa zai riƙa ganinsa bayan sallama, kuma sau nawa a wata? In wani dalili ya sa aka katse kwanciyar, me aka tanada? Ki je da takardun waccan cibiyar in suna nan, kuma ranar farko ki bar Yaya ya yi wa likita bayani da bakinsa, ke ki jira a waje.