Zobe ya matse, takalmi ya yi kaɗan: me ke damun maigidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana shekarunsa 43. Cikin 'yan shekarun nan lambar takalminsa ta tashi daga 42 zuwa 45, zobensa ya daina shiga yatsa, muryarsa ta yi kauri, ga minshari. Kuma ba ƙiba ya yi ba. Ashe babba ma yana ƙara girma?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika zayyana ya yi kama da cutar akromegali. A ƙasan ƙwaƙwalwa, bayan hanci, akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake, ana kiranta fituwitari. Idan ƙari ya fito mata, wanda galibi ba na daji ba ne, sai ta riƙa kwararo sinadarin girma ba ƙaƙƙautawa.

Da yaro ne, tsawo zai yi ta yi, kamar Robert Wadlow na Amurka da ya kai mita 2.72 kafin rasuwarsa a 1940. Shi babba ƙashinsa ya gama miƙewa, sai dai ya yi kauri. Tafin hannu da ƙafa su faɗaɗa, haɓa ta turo gaba, haƙora su rarrabu, harshe ya cika baki. Ki ɗauko hotonsa na shekara goma baya ki ajiye kusa da na yau. A hankali cutar ke tafiya, shi ya sa baƙon da ya daɗe bai zo ba kan riga 'yan gida lura.

Kamannin ba su ne abin tsoro ba. Ɓarnar tana ciki: ciwon suga, hawan jini, girman zuciya, ɗaukewar numfashi cikin barci. Ƙarin da ya wuce santimita 1 kuma yana iya danne jijiyoyin ido, mutum ya daina ganin gefe.

Ya je a auna IGF-1 a jininsa, wani sinadari ne da ke hawa idan sinadarin girma ya yi yawa. Idan ya hau, za a ba shi gulukos giram 75 ya sha. Mai lafiya sinadarin girmansa kan faɗi ƙasa da maikrogiram 1 a lita, na mai cutar ba ya sauka. Daga nan sai hoton MRI, wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, don a ga ƙarin.

Yawanci tiyata ake yi ta kafar hanci a ciro ƙarin, ba sai an fasa kai ba. In da saura, akwai magungunan rage sinadarin girma, allurar octreotide ta wata-wata ko ƙwayar cabergoline. Gumi da kumburin tsoka kan ragu bayan magani, amma ƙashin da ya riga ya yi kauri ba ya komawa, don haka kada a bar gwajin sai an samu sarari.