Kayan aiki masu araha: inda za a rage kuɗi da inda ba a ragewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne, maigidana ya yaye ni bana, kuma ina shirin buɗe ɗan shagona a Kurna. Jarina bai taka kara ya karya ba. Na zagaya Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, na ga sifanu da injin yankan ƙarfe na hannu da faya-fayensa a kan farashi mai sauƙi ƙwarai, wani mai shago kuma ya ce da su da masu tsadar duk kamfani ɗaya ke yin su. Ina tsoron in zuba kuɗina a abin da zai mutu cikin wata guda, ina kuma tsoron rauni, domin faifai ya taɓa fashewa a hannun abokin aikina a gabana. Me zan saya, me zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a sabon shago. Maganar mai shagon nan ta ɗan kasuwa ce. Ko da masana'anta ɗaya ce ta ƙera kaya biyu, kowane ɗan kasuwa ingancin da ya biya ake yi masa, don haka zama ɗan China ba ya sa kaya ya zama mai kyau ko marar kyau.

Abin da ba ya juyawa kuma ba ya shan wuta, kamar guduma da burushin waya da tef ɗin awo da filaya, ka sayi mai araha hankalinka kwance, in dai ka duba ƙotar guduma ta zauna daram, ka kuma gwada tef ɗin da wani wanda ka yarda da shi. Sifanu ka ɗan ƙara kuɗi a kan lambobin da hannunka ya fi kaiwa gare su, irin su 10 da 13 da 17 da 19, domin bakin sifana mai taushi yakan buɗe ya cinye kan noti. Rubutun da ke jikinta kada ya ruɗe ka. Kowa na iya buga shi. Shi kuwa injin, matsakaici daga kamfanin da ake samun kayan gyaransa, irin su burushin kabon da boris, a kasuwa ya fi maka jabun Bosch ko Makita da aka yi wa fenti mai ɗaukar ido. Wasu daga cikin masu arahar ƙwarai wayar alminiyam ce a kwayil ɗinsu maimakon jan ƙarfe, shi ya sa suke saurin ɗaukar zafi su ƙone. Wannan asarar kuɗi ce kawai, kuma kuɗi ana sake samunsu.

Inda nake so ka ba ni hankalinka shi ne faifai, domin akwai wata magana da nake ji kullum a bakin masu walda, har da waɗanda suka yi furfura a sana'ar: wai faifai duk faifai ne, muddin ya shiga sandar injin to ya yi. Wannan magana ta raba mutane da idanu da yatsu, kuma tushenta abu ne ƙarami. Ramin tsakiyar faifai milimita 22.23 ne, ko na inci huɗu da rabi ne ko na inci tara, saboda haka babban faifai yana shiga ƙaramin inji ba gardama. Abin da ke hana shi zama shi ne murfin kariya, sai mutum ya kwance murfin ya jefa a ƙarƙashin tebur, yana ganin ya yi dabara.

Ka ɗauki faifai mai kyau ka karanta fuskarsa. Na milimita 115, wato na inci huɗu da rabi, za ka ga an rubuta kada ya wuce juyi 13,300 a minti ɗaya, na milimita 230 kuwa, wato na inci tara, iyakarsa wajen 6,600 ce. Ƙaramin inji yana juyi wajen 11,000. Idan ka ɗora masa babban faifan, ka wuce iyakarsa da fiye da rabi, kuma ƙarfin da ke neman yaga shi ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, ninkuwa yake yi, har ya kusa kai ninki uku na abin da aka gina faifan ya ɗauka. Ko a gudunsa na ƙa'ida, bakin faifai yana tafiyar mita 80 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 288 a awa. Ɓarin da ya ɓalle a wannan gudu ba ya ba mutum damar kauce masa, kuma fuska da wuya da cinya ne a kan hanyarsa. Murfin da aka jefar shi ne kaɗai abin da zai tare shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa murfi na 'yan koyo ne, ƙwararre ba ya buƙatarsa. Wace ƙwarewa ce ke hana faifai fashewa? Idan abin ya faru kuma sai a ce tsautsayi ne, a kwashi yaro zuwa Asibitin Murtala ko na ƙashi da ke Dala, washegari a ɗora wani faifan a kan injin nan ba murfi. Mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya kwance murfi da hannunsa ganganci ya yi, kuma maigidan da ya miƙa wa yaron shago irin wannan inji yana da alhaki a wuyansa. Mafi muni a cikinsu su ne masu ɗaura faifan zarton katako mai haƙora a wannan inji. Haƙorin yana cafkar katako, injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi.

A nan ne araha take kisa. Faifan yanka yashi ne mai kaifi da aka haɗa da danƙo, aka ƙarfafa da ragar zaren gilashi, kuma danƙon yana tsufa. Shi ya sa kamfanonin kirki suke buga ranar ƙarewar wa'adi a zoben ƙarfen da ke tsakiya, yawanci shekara uku daga ƙerawa, tare da lambar ƙa'ida EN 12413. Faifan da ba shi da wa'adi, ba shi da adadin juyi, ko wanda ya yi damina a shago mai yoyo, ko ya sha rana a kan tebur a bakin titi, kada ka karɓa ko kyauta ne. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya, tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, amma takardar ba ta biyo faifai zuwa shagonka, kuma jabu bai daina shigowa ba, don haka dubawar ta rage gare ka.

Ka sayi faifai kaɗan kaɗan daga shago ɗaya da ka sani, ka ajiye su a kwance a busasshen wuri. Siririn faifan yanka, mai kaurin milimita 1 zuwa 3, ba a goge walda da gefensa. Na guga daban ne, kaurinsa wajen milimita 6. Wanda ya faɗi ƙasa ka karya shi ka zubar, don kada wani yaro ya tsinta. Duk sabon da ka ɗaura, ka kunna injin ya yi minti ɗaya ba tare da ya taɓa ƙarfe ba, kana riƙe da shi nesa da fuskarka da ta jama'a. Idan kuɗin sun gaza, ka jinkirta sayen cikakken saitin sifanu zuwa bayan aikinka na farko, ka fara da inji matsakaici mai murfi da mariƙin gefe, da tabarau na kariya, da faifai mai wa'adi.