Amsa: Buɗe Wasa a Gasar Ƙungiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka ci gaba da Sisiliyan, wato salon buɗe wasan ches da mai baƙi ke yi, idan ƙungiyarku ta nan Kaduna ta je gasar ches ta ƙasa. Ya danganta da allon da aka ɗora ka.

A gasar ƙungiya ba kanka kaɗai kake yi wa wasa ba. A tsarin Olimfiyad, gasar ches ta ƙasashen duniya, alluna huɗu ne, kowane allo maki ɗaya, ƙungiyar da ta haɗa maki biyu da rabi ta ci karawar. Mai allo na 1 da na 3 launin 'ya'yan wasansu ɗaya, fari ko baƙi, na 2 da na 4 kuma ɗaya launin. Shi ya sa kyaftin yakan so mai baƙi ya riƙe canjaras, mai fari, da yake shi ke fara wasa, ya nemi nasara.

Sisiliyan tana da kaifi, amma haddarta yawa gare ta, kuskure ɗaya ya jefa abokanka cikin matsi. In kana baƙi a allo na sama, ni dai buɗewar Karo-Kan zan ba ka shawara, wadda ake rubuta ta 1.e4 c6, don ta fi wuyar fasawa. Ka tuna ɗan wasan Rasha Kramnik, da kariyar Balin, wata buɗewar mai wuyar fasawa, ya toshe Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a Landan a 2000, ya karɓe kambun duniya ba tare da an ci shi ko wasa ɗaya ba.

Amma kada ka sauya buɗewa ana saura mako guda. Ka zauna da kyaftin ɗinku tukuna.