Nauyina Ya Tsaya Cak

Tambaya: Ina ɗaga ƙarfe don gina tsoka, amma makonni uku ke nan sikeli bai motsa ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, jikin da ya ƙaru ya fi na da ƙona abinci, shi ya sa tsohon awon abincinka ya daina isa. Ƙara kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 200 zuwa 300 kullum. Kofin madara mai maiƙo ya kai 150, babban cokalin man zaitun kusan 120. In cikinka na saurin cika, sha ya fi tauna sauƙi. Furotin kuwa, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, giram 1.6 zuwa 2.2 kan kowane kilon nauyinka a kullum ya wadatar. Riƙa auna nauyinka da safe kafin ka karya, ka kwatanta matsakaicin mako da mako, don awon kwana ɗaya ruwan jiki ke jujjuya shi. In ƙugu ya fi damtse saurin girma, rage kalori 100.