Amsa ga ɗan uwa mai Golf 3 da anka gyara ma top silinda

Salamu alaikum. Ƙanena na ga tambayarka, ka ce motarka Golf 3 mai injin 1.8 ta yi zahi gasket ya ƙone, an kai top silinda an goge an dawo da shi, yanzu kana son maida kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ka saita taimin amma yaron da yak kwance bel na taimin bai yi alama ba. Kar ka damu da alamar yaro, injin wanga da alamominai ya hito daga kamfani, ni na daɗe ina kwance shi nan Sakkwato don bazara in ta kama motocin haya ba su da wata cuta sai wagga.

Kahin ka aza kamshaf, juya karanshaf, sandar ƙasa da fistin ke juyawa, baya kaɗan yadda babu fistin ko guda da ke can bisa, don in kana ɗaure kamshaf yana danna bawul ƙasa, in fistin na sama suna iya haɗuwa. Ka shafa baƙin mai sabo ga mazaunin kamshaf da ƙusumbinai da kan tafet, ƙananan kofunan da ke zaune bisa bawul, kar ka aza shi busasshe. Ƙusumbi biyu na silinda ta ɗaya su dubi sama.

To ga wurin da ni ke son ka natsu, murahun nan da ke riƙe kamshaf. Kowane da lambatai kuma da gefen da yake kallo, tare anka huda su da kan injin, ba a musanya su ba a juya su. An taɓa jawo muna wata Golf daga wajen Bodinga, sati guda da gyara a wani gareji, direba ya ce tahiya kawai yake ta mutu. Da munka buɗe sai ga murhi na 2 zaune wurin na 4, cikinai ya yi baƙi ya kakkarce, garin alminiyam har cikin mai, kamshaf ya kame. Wallahi na ji ma mutumen nan, sai da yas sake sayen kai gaba ɗaya. Ka riƙa ɗaure su kaɗan kaɗan wanga kusurwa sannan waccan har kamshaf ya zauna. Noti ɗinsu 20 Nm ne kawai a ma'aunin ƙarhin ɗauri, ƙaramin ƙarhi ne, in ba ka da tok renc, sifanan da ke auna ƙarhin ɗauri, ka ara don Allah. Sil na gaban kamshaf, robar da ke tare mai, sabo za ka sa. Bolt na pulin kamshaf 80 Nm.

Taimin kuma alama ukku ne sai sun yarda da juna. Ta pulin kamshaf ta daidaita da alamar da ke bayanta, sannan ka maido karanshaf a hankali har alamar filawul, faifan ƙarhen da ke bayan injin, ta bayyana cikin hudar nan ta bisa giyabos, sannan wadda mutane ka mancewa, distiributa, kan rota ya dubi ɗan tsagin da ke bakin gidanta, don shaf ɗin tsakiya da ke juya ta bel guda suke bi, yana iya gocewa kana sa bel ba ka lura ba. Ɗaurin bel, in ka kama tsakiyar doguwar hanyatai da yatsa biyu ya murɗu kwata guda, digiri 90, da ƙyar.

Daga nan kar ka taɓa makulli. Cire fulogi, sa soket ga bolt na karanshaf ka juya da hannu zagaye biyu cikakku ta inda injin ke juyawa, don karanshaf sai ya yi biyu kamshaf ke yin ɗaya. In ka ji ya cije, tsaya, kar ka ƙara ƙarhi, kwance ka sake dubawa. In ya zagaya lahiya ka sake duba alamomin ukku, haƙori guda in ya goce mota za ta tashi amma ba ƙarhi, ga shan mai, ga tari.

Wayoyin fulogi 1-3-4-2. In tafet sababbi ka sa, ba su minti 30 su zauna kahin ka tada ta. Kuma ka binciko abin da yas sa ta zahi tun farko, lagireto ne ko fanka ko famfon ruwa, in ba haka ba za ta sake, don zahin watan Afrilu na zuwa. In ka kai wurin alamomin ɗauko hoto ka turo in gani kahin ka yi kik.